Ƙwayar da Yaya ta daina sha

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto maka, inda gudun hijira ya kawo mu bayan yaƙi ya ci Wad Madani a Disamban 2023. Da can malamar ilimin halittu ce ni a sakandaren 'yan mata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayata, wadda aka yi wa aikin sankarar mama kafin yaƙin, likita ya ɗora ta kan Tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5. Mun sha wuya kafin mu samo maganin a nan, sai ga shi ta ajiye shi a ƙasan akwati. Matan gidan da muka sauka sun ce mata na hana haihuwa ne, tunda al'adarta ta rikice. Ta ce da ni, "Ke ƙanwata, ba inda ke mini ciwo, me zan sha?"

Abin da na gaya mata nake so 'yan'uwana mata su ji. Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama da sinadarin istirojin take girma, wannan dai da jikin kowace mace ke yi. Duk wanda ya yi noma a Jazira, yankinmu na noman rani, ya san an riga an haƙa magudanai, amma gonar da aka buɗe wa ƙofa ce kaɗai ke shan ruwa. Haka ƙwayoyin gado suke a cikin ƙwayar halitta: dubbai ne, ba duka ke aiki lokaci guda ba. Istirojin ba ya haƙa sabuwar magudana, ƙofa yake buɗewa. In ya shiga ƙwayar sankara sai ya tarar da wani furotin mai karɓarsa. Masu karɓar su haɗu biyu-biyu, su dafe a wasu keɓaɓɓun wurare a jikin DNA, su jawo mataimaka, sai a fara karanta umarnin da ke cewa ƙwaya ta rabu biyu. Cikin ƙwayoyin gadon da ake tayarwa akwai MYC da Cyclin D1, har da mai ƙera furotin ɗin karɓar furojestaron, wani sinadarin jikin mace. Shi ya sa ake ganin ER (mai karɓar istirojin) da PR (mai karɓar furojestaron) a takardar gwaji, kuma ta Yaya duka biyun alamar tarawa ce a gabansu, wato sankararta na da su.

Ba yau aka gano ba. Tun 1896 George Beatson, wani likita a Gilasgo, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwan haihuwa, ƙarin ya ja baya, shi kansa bai san da istirojin ba. Sai a 1958 Elwood Jensen ya gano mai karɓar a Shikago.

Tamoxifen kuwa wurin istirojin yake tsugunawa, ya karkatar da surar furotin ɗin yadda mataimaka ba za su iya kama shi ba. Ƙofa ta zauna a rufe. Ba ya hana ɗaukar ciki, hasali ma mai ciki ba ta shan sa. Kuma ba don ciwon yau ake ba da shi ba, don ragowar ƙwayoyin da wuƙar likita ba ta gani ba ne, masu iya lafewa shekaru. Shan sa shekara 5 na rage mutuwa daga irin wannan sankara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban ɓoye mata wahalarsa ba: zafin jiki mai taso mata da dare, ga kuma na Gadarif a kai. A mahaifa ma kwaikwayon istirojin yake yi, don haka duk jinin da ba a saba gani ba sai a garzaya asibiti.

Roƙona, Malam Edita, ku riƙa gayyato likita yana fassara wa mata abin da ke cikin takardun nan da Hausa, domin namu da Turanci ake rubutawa, a yi mana bayani da Larabci a tsaitsaye. Yaya dai ta koma sha. Bayan sallar asuba nake miƙa mata da shayi, in tsaya a kanta sai na ga ta haɗiye.

Taku,
Wata tsohuwar malama, Gadarif, Sudan