Godiya ga Ƙungiyar National Trust Kan Gadar Prior Park

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, bayan gaisuwa mai yawa.

Mun rubuto ne mu yi muku godiya a bainar jama'a saboda aikin gyaran madatsun ruwa da kuka kammala a 2022 a lambun Prior Park da ke birnin Bath, a Ingila. Gadar da attajiri Ralph Allen ya sa aka gina a kan tafkin lambun a 1755, mai rufi da jerin ginshiƙai, irinta huɗu ne kacal a duniya. Sauran suna Wilton da Stowe a Ingila, da kuma Tsarskoye Selo a Rasha.

Abin da ya fi burge mu shi ne kun gane inda cutar take. Gadar ado ba ta cika sai da ruwan da take kallon fuskarta a ciki, ruwan kuwa madatsun ƙasa ne ke riƙe da shi. Wata halitta dangin ƙaguwa, wadda aka shigo da ita daga Amurka, ta yi ta haƙa ramuka a jikin madatsun. Raminta kan kai mita 2. Ruwa ya samu kafa, yana fita yana kwashe ƙasa a hankali, daga waje kuwa ciyawa shar, babu alamar komai. Mai gaggawa da sai ya toshe bakin ramukan ya ce an gama. Ku kuwa kuka rage ruwan, kuka gyara madatsun tun daga tushe, sannan kuka mayar da shi. Madalla da wannan haƙuri.

Roƙonmu shi ne duk ranar da za a taɓa dutsen gadar, a ci gaba da guje wa siminti. Dutsen Bath da aka gina ta da shi mai laushi ne, yana shan danshi yana fitar da shi. Siminti kan kulle danshin a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. Maginanmu sun san haka a bangon tubalin da aka yaɓe da siminti. Maimakon siminti, a kwaɓa farar ƙasa mudu 1 da yashi mudu 3, kuma kada a yi aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius.

Mun kuma ji daɗi da kuka bar tsofaffin sunayen da ɗalibai suka sassaƙa a jikin gadar, ba ku kankare su ba.

Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wasu masu sana'ar gyaran tsofaffin gine-gine