A yi wa masu sana'ar gwangwan rajista, kada a rufe ta

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don in yi magana a kan sana'ar gwangwan, wadda wasu ke kira jari bola, domin kusan kullum labarin ɓarayinta kaɗai ake bugawa.

Ni malamin firamare ne a Kaduna. Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa ranakun Asabar da Lahadi nake sayen tsofaffin ƙarafa, kuma da ribarsu nake biyan kuɗin makarantar yarana. Abokan aiki da dama sun tambaye ni yadda ake farawa, ga abin da nake gaya musu.

Ba sai ka hau bola ba. Ka nemi sikeli naka na kanka, da maganaɗisu, da safar hannu mai kauri, da wani lungu a gida da yara ba sa zuwa. Sannan ka ƙulla hulɗa da kanikawa, masu walda, masu gyaran firji da fanka da janareto. Kayan da suka mutu suna tare musu wuri, za su sayar maka a kilo. Ribar kuwa a wajen warewa take. Abin da maganaɗisu ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi araha. Wanda bai kama ba, irin su alminiyam da jan ƙarfe, nan kuɗi yake, jan ƙarfe kuma shi ne kan gaba nesa ba kusa ba. Wanda ya kai kaya a cakuɗe, da farashin baƙin ƙarfe za a auna masa duka. Kafin ka sayi komai, ka je kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka ka ji farashin ranar daga bakin dillalai biyu ko uku, don yana hawa yana sauka. Su ne ke loda manyan motoci zuwa masana'antun Legas da Ogun, inda ake narkar da kayan a yi rodin gini.

Kada ka ƙona waya don fitar da jan ƙarfe, hayaƙin guba ne. Ka fere ta da wuƙa. Tsohon batirin mota kuma a sayar da shi yadda yake, dalmar cikinsa tana illa ga ƙwaƙwalwar yara. Allurar rigakafin tetanus ma ta zama dole.

Sai babbar magana. Duk yaron da ya kawo maka wayar lantarki sabuwa fil, ko murfin magudanar ruwa, ko ƙarfen layin dogo, ka sallame shi ko da kyauta zai ba ka. Irin wannan ɓarna ce ta sa hukumar Abuja ta haramta jari bola a Janairun 2025 bayan sace murafan kan tituna. A Borno ma Gwamna Zulum ya hana sana'ar a 2023, saboda 'yan Boko Haram na kashe masu shiga daji neman ƙarfe. Ban ga laifin hukumomin ba, amma abin ya shafi dubban masu neman halal.

Kirana ga gwamnatin jiharmu shi ne a yi wa kowane mai saye rajista, a ba shi katin shaida, a wajabta masa rubuta sunan wanda ya kawo kaya da lambar wayarsa. Ni na riga na buɗe littafi, kuma a shirye nake in nuna shi ga duk jami'in da ya zo.

Naku,
Wani malamin firamare,
Tudun Wada, Kaduna.