Zumuncin da kuka yaba ya ci wa Innata jika 25

Malam Edita, assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a?

Shirinku na rediyo na daren Lahadi ne ya hana ni barci. Sau 4 ina kiran layinku ba ya shiga, na tura saƙo ba a karanta ba, sai gaishe-gaishen mutanen Tibiri da Madarunfa aka yi ta jerowa har lokaci ya ƙare. Shi ya sa na ce bari in rubuto, ko banza takarda ba a katse ta.

Awa guda cur mai gabatarwa da baƙonsa suna kambama ƴan wasan talabijin da ke ɗaukar kansu da salula a cikin ɗakunansu suna sakawa a TikTok da Facebook. Wai yanzu babu shamaki tsakanin ɗan wasa da masoyinsa, wai an zama ƴan uwa, kana kwance a unguwar Bagalam nan Maradi kana ganin abin da jarumi ya karya kumallo da shi a Kano. Na ji, ban musa ba. Amma a cikin awar nan ko minti biyu ba ku ware ba kuka gaya wa mutane cewa ɓarayi na kwasar waɗannan bidiyoyin suna cin kasuwa da su. Sau ɗaya baƙon ya gifta ta wajen, shi ma da Faransanci ya faɗa ya wuce abinsa. Wa ya yi wa gargaɗin? Tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma tsofaffin da suka fi kowa manne rediyo a kunne ba su taɓa zama a bencin lakwal ba.

Ni sana'ata tura fina-finai da cajin salula, ina da ƴar rumfa a unguwar Zariya. Tun zamanin da faifan CD ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa nake cikin harkar nan, har aka buɗe Arewa24 a 2014 mutane suka koma bin shiri mai dogon zango, har muka iso yau da yaro zai miƙo kati ya ce ba fim yake so ba, a zuba masa ƴan gajerun bidiyon da jarumai ke yi a gida. To ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Akwai wani dattijon ɗan wasa da take so kamar ta haɗiye, in ya fito a tele ko tuya take sai ta sauke kasko. Ni da hannuna na sa mata WhatsApp, wannan kam laifina ne, na ɗauka. Kwanakin baya sai ga bidiyonsa ya faɗo cikin zauren matan unguwarsu: yana zaune bakin gado, ba hula, ya rame, yana godiya ga masoya da suka yi masa addu'a. A ƙasan hoton an rubuta cewa za a yi masa aiki, kuɗi sun gaza, ga lambar da za a tuntuɓa. Jikarta ta karanta mata. Inna ta sa aka kira. Wani ya ɗauka da Hausar Kano tsaf, ya ce shi ɗansa ne, Baba na barci. Washegari ta kwance bakin zane ta kai jika 15 wurin masu aika kuɗi.

Da dare sai ga saƙon murya, murya a shaƙe kamar ta mara lafiya, ana sa wa Hajiya ta Maradi albarka, ana cewa Allah ya kai ta Makka. Malam Edita, da kun ga Inna a ranar! Duk wanda ya shigo sayen mai sai ta kunna masa. Bayan kwana 6 aka sake kira, wai jini ake nema. Ta ɗauki jika 10 cikin kuɗin adashen da aka ba ta ajiya ta ƙara.

Sai da ta zo rumfata caji take mini bushara. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka ji wanda ya san da zamana a duniya." Ina ganin bidiyon gabana ya faɗi, domin na san shi. Yana cikin kwamfutata tun watanni da suka wuce, na tura wa mutane ya fi a ƙirga. A na asalin, mutumin cewa yake ya warke, ya koma bakin aiki, kuma bai roƙi ko dala ba. An yanke ƙarshen ne aka liƙa rubutu. Na duba lambar, da +227 ta fara. Mutum yana kwance asibiti a Kano, lambarsa kuma ta Nijar? Ai da +234 za ta fara. Ma'ana ɓarawon namu ne, wataƙila ma muna haɗa sahu da shi a masallacin Juma'a. Na kira, a kashe. Har yau a kashe.

Na ce, "Inna, an cuce ki." Ba ta yarda ba, ta ce baƙin ciki nake don ba ni aka sa wa albarka ba. Sai da na kunna mata na asalin har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɗauki salularta da cajin bai ko kai rabi ba ta tafi. Yanzu in mutumin ya fito a tele tashi take ta shiga ɗaki, alhali shi bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuɗin adashe kuwa ni da ƙanena muke cikawa kaɗan-kaɗan, ba mu bari matan sun ji ba.

Ban ce ƴan wasa su daina ba. Tun da kasuwar faifai ta mutu dole su nemi inda za su ci, kuma kowa ya san YouTube ba ya fara biyan mutum sai ya tara mabiya da awannin kallo, don haka dole su yi ta nuna fuska. An kuma sha ganin tsofaffin ƴan wasa da ciwo ya kayar sun fito da gaske suna neman taimako, shi ya sa ƙaryar ke shiga da sauƙi. Da ku nake. Ku da kuke da makirfo, me zai hana ku ce wa mutane su duba lambar ƙasa, su duba ko shafin na da shuɗin tambarin nan na tabbaci, su nemi wani yaro ya binciko musu bidiyon a shafin mai shi kafin su kwance bakin zane? A rumfata kaɗai na taɓa ƙirga shafuka 7 masu sunan jaruma ɗaya da hotonta. Wannan bai isa a yi shiri a kansa ba? Ko don baƙon naku shi ma mabiya yake nema, na ji sau uku yana maimaita sunan shafinsa?

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, wa ya ba ku shawarar mayar da sanarwar rasuwa bayan ƙarfe 10 na dare? Da bayan sallar isha'i ake yi, kowa na zaune. Yanzu sai an gama tallan maganin basir da na sanyi, wanda ba ya ƙarewa. Makon jiya wani abokin mahaifina ya rasu a Jiratawa, ban ji ba sai ranar sadakar uku, na je ina ta sunkuyar da kai. Ku mayar da ita inda take.

Ranar Lahadi mai zuwa zan kai rediyo gidan Inna mu saurara tare. In za ku yi maganar, ku yi ta da Hausa, kuma kada ku ambaci unguwarmu, za ta gane da ita ake.

Naku mai saurare,
wani mai tura fina-finai, Maradi.