Malam Edita, ɗan bori daban matsafi daban

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an tashi lahiya.

Na rubuto ne kan labarin da kuka buga makon jiya na mutanen da aka kama da sassan jikin ɗan Adam, inda kuka kira su 'yan bori. Wallahi kalmar nan ta tsaya mini a rai, don wanda ke yanka mutum neman kuɗi ko mulki sunanshi matsafi, Hausa ba ta rasa sunan da za ta ba shi ba.

Ni nan Maradi aka haife ni, kuma kakata wadda ta haifi uwata 'yar bori ce, ba na ɓoyewa. Ɗan bori shi ne wanda aka yi ma girka, wato maganin shigar da mutum bori, bayan wata doguwar rashin lahiya, daga nan ya zama doki, in mace ce a ce goɗiya, iskoki su riƙa hawanshi in an kaɗa garaya ko goge, Doguwa ce ko Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi ko Malam Alhaji, kowane da kirarinshi da kalar tufafinshi. Ina yaro na sha ganin mata zaune suna kiɗan ƙwarya a tsakar gidanmu, hayaƙin turare ya cika zaure, kaka ta ja adakarta ta fiddo jar hula da farin zane. Abin da na ga an yanka kaza ce, sai akuya jefi-jefi.

Kuma fa abin na da tsari har a fada, a Maradi Iya ce shugabar 'yan bori, a Tsibirin Gobir kuma Inna, duka daga gidan sarauta suke fitowa. Shi boka magani ne sana'arshi, malamin tsibbu ma hanyarshi daban.

Ba ina kiran kowa ya koma bori ba ne, ni Musulmi ne, ita ma kakar tawa ta bar shi shekaru kafin rasuwarta, Allah ya gafarta mata. To amma yau yaranmu ba su san kalmar ba sai in yaro na birgima a ce yana bori, ko a ce borin kunya, in kuka ɗora musu cewa 'yan bori masu kisan kai ne shi kenan sun riƙe, gobe ɗana ya ji kakar uwarshi ko ta ubanshi ta yi bori ya ɗauka ta sha jinin mutane.

Don Allah Malam Edita a gyara a fitowa ta gaba, ko da layi biyu ne.

Naku mai karatu kullum,
daga unguwar Bagalam, Maradi