Mai ciwon damuwa ba zai jira kuzari ya zo kafin ya motsa ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana kan wata shawara da ake yawan ba masu fama da ciwon damuwa, a gida da majalisa da shirye-shiryen rediyo: "Ka daure, ka riƙa motsa jiki, ka riƙa shiga mutane, ka gyara barcinka." Babu ƙarya a cikin shawarar. Sai dai an faɗi inda za a je, ba a nuna hanya ba. Mutum ya ɗauki niyya ranar Asabar, ya yi kwana uku, ran na huɗu ya kasa tashi daga katifa, sai ya ƙara wa kansa wani ciwon: "Ashe ni ba zan taɓa iya komai ba."

Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Likitoci na kiransa ciwo idan ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai ya riƙe mutum yawancin yini, kusan kullum, na tsawon mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali da yawan zargin kai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 280 ne ke ɗauke da shi. Abin da iyalai suka fi kasa ganewa shi ne, himmar da ake cewa mutum ya yi, ita ce ciwon ya fara cinyewa. Wanka, wanke baki, ɗaga waya, abubuwan da mai lafiya ke yi ba tare da ya lura ba, kowanne ya zama aiki mai zaman kansa. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Tun shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Lewinsohn, ya bayyana yadda abin ke juyawa. Mutum ya ji ba daɗi, sai ya janye daga kasuwa da majalisa da zumunci. Da ya janye, abubuwan da ke faranta masa rai sun ragu, ƙuncin ya ƙaru, ya ƙara janyewa. Daga wannan fahimtar aka samo hanyar jiyya da ke mayar da mutum cikin harkokinsa da kaɗan-kaɗan bisa tsari, ko yana so ko ba ya so. A 2016 wani bincike a Ingila kan mutum 440 ya nuna cewa ƙananan ma'aikatan lafiya da aka koya wa wannan hanya sun samu sakamako daidai da na ƙwararrun masu jiyya ta tattaunawa, kuma da kuɗi ƙasa da nasu. A jihar Goa ta Indiya ma an horar da mutanen gari waɗanda ba likitoci ba, suka yi ta a zama shida zuwa takwas, ta kuma yi aiki.

Tushen hanyar ɗaya ne: motsi ke jawo kuzari. Kamar motar da batirinta ya mutu ce. Ko ka kwana kana murɗa makulli ba za ta tashi ba, sai an tura ta, kuma sai injin ya kama aiki batirin ke samun caji. Wanda ya ce sai ya ji yana son fita zai fita, zai iya shafe wata shida yana jira.

To yaya ake turawar? Da abu ɗaya ake farawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya wayi gari da ɗan sauƙi ya rubuta abu bakwai: gudu, karatun izu guda, barin waya, neman aiki, da sauransu. Kwana biyu ya rushe. A zaɓi guda, a kuma rage shi har ya zama abin dariya. Idan burin shi ne tafiyar rabin awa, a fara da minti biyar, daga ƙofar gida zuwa bakin layi a dawo. Idan karatu ne, shafi ɗaya. Idan shara ce, ɗaki ɗaya, ba tsakar gida duka ba.

Sannan kowane aiki a yi masa awo biyu tun kafin a fara, na ranar sauƙi da na ranar da jiki ya ƙi. Na ranar sauƙi, tafiyar minti goma. Na mummunar rana, sa takalmi a tsaya a ƙofar gida minti biyu. Wanda ya yi na biyun ya cika alkawarin ranar, ba ragi. Wannan ba yaudarar kai ba ce. A watan farko ba ƙarfin jiki ake nema ba, sabo ake nema, shi kuwa sabo yawan maimaitawa yake so, ba girman aiki ba.

"Zan riƙa fita" ba tsari ba ne, fata ne. Tsari sai an faɗi lokaci da wuri da abin da zai gabace shi: "Da na sallame La'asar, kafin in shiga ɗaki, zan taka zuwa wurin mai shayi in dawo." Masani Peter Gollwitzer ya daɗe da nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika a kan wadda aka bari sake. Dalili kuwa, yanke shawara shi kansa nauyi ne ga mai wannan ciwo, sai an sauke masa shi tun jiya. Mu nan mun yi sa'a, salloli biyar sun riga sun yanka mana yini, ba sai an sayi agogo mai ƙara ba. Wanda ba Musulmi ba zai iya ɗaurawa a addu'ar safe, ko fitar yara makaranta, ko abincin rana. Abin lura kawai, a ɗaura a abin da har yanzu mutum ke yi kullum. Idan ciwon ya kai shi ga makara sallar Asuba, kada a ɗora sabon aiki a kanta, kuma kada a mayar da makarar abin gori.

Mutane da yawa masu wannan ciwo da safe suka fi jin nauyi, wasu ma ƙarfe uku na dare suke farkawa barci ya ƙi dawowa, sai yamma jiki ya ɗan saki. Don haka aiki mai wuya a kai shi bayan La'asar. Abu guda da ya dace da safe shi ne lokacin tashi. A tsayar da shi, a ce ƙarfe bakwai, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, a fito waje a zauna cikin hasken rana minti goma sha biyar zuwa ashirin, ko da a kan tabarma ne da kofin koko. Hasken safe ke saita agogon jiki. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, domin barcin awa uku da rana shi ke sace na dare. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari a tsayar da su daga La'asar, saboda rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kusan awa biyar. Waya kuma a yi mata caji nesa da shimfiɗa.

Da dare a share wa safiya hanya. Takalmi a bakin ƙofa, bokitin wanka a cike, kayan da za a sa a rataye, magani kusa da buta ko burushi. Ƙananan abubuwa ne, amma neman takalmi ɗaya da ya ɓace ƙarƙashin gado ya isa ya mayar da mutum kwance.

Akwai wani mataki da ake rainawa, ni kuwa a ganina ya fi sauran amfani, wato rubutawa. A samu kalandar bango ko ɗan littafin rubutu. Duk ranar da aka yi aikin a sa alama. Kafin a fara a ba yanayin zuciya maki daga sifili zuwa goma, bayan an gama a sake bayarwa. Ciwon damuwa yana ɓata lissafi ta fuska biyu: kafin aiki ya ce maka ba amfanin da zai yi, bayan mako ya ce maka ba ka yi komai ba. Takarda ba ta biye masa. Mutum zai duba ya ga ya fita kwana tara cikin goma sha huɗu, kuma yawanci daga uku yake komawa huɗu. Maki ɗaya ne, amma shaida ce. Daga nan ake gane aikin da ke taimakawa da wanda ya kamata a canza. Kada kuma a sa ran jin daɗi a makon farko. Ɗanɗanon abubuwa kan dawo a makare, don haka sai aiki ya yi mako biyu zuwa uku kafin a yanke masa hukunci.

Za a tsallake rana, wannan ba makawa. Ana yawan cewa kwana 21 ke kafa ɗabi'a, amma binciken Phillippa Lally a wata jami'ar Landan, kan mutum 96, ya samu tsaka-tsakin kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Kuma waɗannan ba majinyata ba ne. Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya bai rushe sabon ba. Abin da ke rushe shi fassarar da ake yi wa ranar ce: "Tunda na karya, shi ke nan." Washegari a koma a ƙaramin awo, ba ramuwa. Wanda ya rasa tafiyar minti goma ba a binsa ashirin. Idan aka rasa kwana uku a jere, laifin tsarin ne, ya yi girma ko lokacin bai dace ba, sai a raba shi biyu ko a matsar da shi.

Ranar sauƙi ma tarko ce. Mutum ya ji ƙarfi ya wanke kayan mako uku, ya zaga dangi, ya dawo a gajiye ya kwanta kwana biyu. A tsaya a awon da aka tsara ko da ana jin za a iya ninkawa. Idan an cika kwana biyar cikin bakwai mako biyu a jere, sai a ƙara minti biyar, ko a shigo da aiki na biyu, wanda ya fi kyau ya zama mai haɗa mutum da wani: gaida maƙwabci, zama a shagon aboki, kiran 'yar'uwa.

Ga iyali: "Tashi mana, wane irin zama ne wannan?" bai taɓa tayar da kowa ba. "Yaya, zo ka raka ni in sayo kati" ya fi shi sau goma, domin ka ba shi dalili da abokin tafiya, ba ka sa shi kare kansa ba. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin, a lokaci ɗaya kullum, kada gida duka su taru a kansa. Matar da ba ta cika fita ba tana iya zaga tsakar gida ko ta shiga maƙota ta yi minti goma. Mai jego da ta wuce mako biyu da haihuwa tana kuka, ba ta barci ko jariri ya yi, a daina cewa shagwaɓa ce. A karɓar mata jaririn awa biyu ta runtsa, a kuma faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ranar rigakafi.

Duk wannan yana da iyaka. Ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo na iya kawo kasala mai kama da wannan, don haka gwajin jini na da amfani tun farko. Wanda ya daina cin abinci, ko ya kasa aiki gaba ɗaya, ko yake jin muryoyi, likita yake buƙata kafin kalanda. Wanda ya fara cewa gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Idan likita ya rubuta magani, shan sa kullum shi ne ɗabi'ar farko da za a kafa, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga canji, wani lokaci shida, alhali illolinsu na farko, tashin zuciya, bushewar baki, jiri ko yawan barci, tun kwanakin farko suke bayyana. Sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya ajiye a kwana na goma. Wani kuma ya samu sauƙi a wata na biyu ya daina, ciwon ya dawo. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware, kuma ba a yankewa rana ɗaya, likita ke ragewa a hankali. Amitriptyline da dare ake sha saboda yana sa barci, kuma yawansa na da haɗari, gara wani babba a gida ya riƙe shi. Da azumi a tambayi likita a mayar da shi sahur ko buɗa-baki maimakon a bari. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci, yana zuba, yana ɓarnar kuɗi, lallai ya faɗa wa likita, domin maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da wannan. Tramadol da kodin da wiwi da ake sha "don a samu ƙarfin aiki" bashi ne da ruwa, washegari kasalar ninkuwa take yi.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa isar mu ba a nan kusa, amma abin da na bayyana a sama ba sai likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin horo na zama biyar kacal, wanda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararru ba. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye a kansa, a kuma fassara takardun cikin Hausa, boko da ajami, yadda majinyaci zai tafi gida da tsarinsa a rubuce.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, Kaduna.