Duwatsun Kalambaina sun fi na duniyar Mars magana

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sammini fili a jaridarmu mai albarka. Kwanan baya jikana ya shigo gida da gudu, waya a hannu, yana cewa, "Kaka, an ga halittu a duniyar Mars!" Na sa tabarau na karanta abin da aka turo masa ta WhatsApp. Ba haka masu binciken suka ce ba. Washegari na tarar da zancen a majalisarmu bayan la'asar, har an ƙara masa gishiri, wai an ga sawun ƙafa.

Na yi shekara 31 ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, amma darasin da ya fi yi mini amfani a nan wurin mahaifina na samo shi. Haƙar rijiya ce sana'arsa, Allah Ya jiƙansa. Ko an yi gaba goma, ƙasa ta fara laima, yara suna ihu, ba ya aika wa mai rijiya cewa an kai ruwa. Sai guga ya sauka ya fito a jiƙe. Ya sha ganin danshin da ya yaudari mutane suka yi ta haƙa har marmara ta tare su.

Abin da aka samu shi ne, motar bincike ta hukumar NASA ta Amurka, mai suna Perseverance, ta sauka a kwarin Jezero na duniyar Mars a Fabrairun 2021, wurin da a da can tafki ne da kogi ke zuba a cikinsa. A Yulin 2024 ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, a Satumban 2025 kuma masana suka ce irin waɗannan ɗigon ƙwayoyin halitta na iya barin su, amma sinadarai ma su kaɗai na iya haifar da su. Laima ke nan. Gutsuren da aka ɗebo ma yana can cikin bututu, ba a kawo shi duniya an auna ba.

Zancen ruwa kam ba gardama. Tun 2008 na'urar Phoenix ta tono ƙanƙara a ƙarƙashin ƙurar Mars, wadda malamanmu ke kira Mirrihu. Wani ɗan wata da ke zagaya duniyar Zuhal (Saturn), mai suna Enceladus, faɗinsa kilomita 500 ne kawai, kamar tafiyar mota daga nan zuwa Kano, amma a 2005 kumbon Cassini ya hango shi yana fesar da tururi da ƙanƙara daga wasu tsaguwa, daga baya aka tabbatar akwai teku mai gishiri a ƙasan. Europa, watan duniyar Mushtari (Jupiter), ana ƙiyasin ruwansa ya ninka na duk tekunanmu sau biyu, kuma kumbon da aka harba masa a Oktoban 2024 sai 2030 zai isa. Ana bin ruwa ne don ba a san wani mai rai da ke yi ba shi ba, abin da Musulmi ya sani tun daga aya ta 30 a Suratul Anbiya. Sai dai randa cike da ruwa ba ta nufin da kifi a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu Sakkwatawa bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, don shaidar da ake wahalar nema a can muna taka irinta a nan. Wannan ƙasa tamu mai ƙuna, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, gindin teku ce sama da shekara miliyan 50 da suka wuce. Ruwan ya ratso Sahara ta Mali da Nijar ya kwanta a kanmu. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, yawancinta ɓawon halittun wannan teku ne da suka taru suka daskare. A wajen Wurno, Dange da Gilbedi an tono ƙasusuwan kifi, kunkuru da kada. Akwai ma wani ƙaton dabban teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, sunan Goronyo tamu ke nan a bakin Turawa, amma ka tambayi ɗalibi goma da wuya ɗaya ya taɓa jinsa.

Lokacin da nake koyarwa nakan kai 'yan aji biyar bakin ramukan farar ƙasa. Na tuna wani yaro, wanda ba ya buɗe baki a aji, ya ɗago wani dutse ya juya shi, sai ga katantanwa da murɗinta cif-cif. Bai tambaye ni ko mai rai ce ta bar wannan ba. Ya gani da idonsa. Irin wannan ne ba a samu a Mars ba, kuma da ma masu binciken ba katantanwa suke sa rai ba, sai burbushin ƙwayoyin da ido ba ya gani, shi ya sa aikin ke da wuya kuma suke taka-tsantsan da harshensu fiye da masu yaɗa labarin.

A majalisa wani abokina ya ce mu da muke jiran 'yan ga-ruwa da jarkoki, ina ruwanmu da ƙanƙarar Mushtari. Ban ga laifinsa ba, ni ma famfon gidana ya daɗe yana hura iska. Amma na tuna masa cewa Mars ce ta fara aiko mana. A Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, dab da wani manomi a gonarsa, kuma iskar da aka samu a kulle cikinsa ta dace da wadda na'urorin Viking suka auna a Mars a 1976.

Roƙona, Edita, idan irin wannan labari ya zo teburinka, a bambance mana "ana zato" da "an tabbatar", tun daga kanun labari. Kuma ka turo wakilinka ya zaga Wurno da Kalambaina da kyamara. In ya biyo ta gidana zan nuna masa katantanwar yaron nan, tana nan bisa tagar ɗakina, jikana na danne takardunsa da ita.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Mabera, Sakkwato.