Wasiƙa zuwa Arlit a kan ci da maganar yaronka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Zango lafiya lau, sai ƙurar hunturu.

Saƙonka ya iso, kuma tun da na ji abin da likita ya faɗa a kan yaronka hankalina yana wurinku. Ka san ƴata ta biyu da wannan lalura ta tashi, wadda likitocinmu ke kira IMC, wato lalurar da ke hana yaro sarrafa tsokokin jikinsa yadda ya kamata. Rauni ne da ƙwaƙwalwa ke samu tun yaro yana ciki, ko wurin doguwar naƙuda, ko bayan haihuwa in shawara ta tsananta, ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya hau kai. Raunin ba ya ƙaruwa, kuma ba a ɗauka. A duniya yana samun yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1000. Masu cewa ɗan ruwa ne, kada ka ba su kunne, kada kuma ka bari su faɗa a gaban uwarsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ka ce yana yawan ƙwarewa wurin ci da sha. Haɗiya aiki ne na leɓe da harshe da maƙogwaro tare, kuma dole ƙofar numfashi ta rufe daidai lokacin da abinci ke wucewa. A wurin yaran nan rufewar takan makara, sai kunu ko ruwa ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Wani lokaci ko tari yaro ba zai yi ba, sai dai ka ji kakari a muryarsa bayan ci, ka ga ciwon huhu yana tafiya yana dawowa, yaro yana ta ramewa.

Don Allah a daina yi masa ɗura. Na san iyayenmu mata da ƙauna suke yi, suna ganin in ba a toshe hanci an zuba ba yunwa za ta kashe shi. Amma yaron da aka kwantar rigingine aka toshe wa hanci dole ya ja iska ta baki, kunun kuwa da iskar zai tafi. Kai ne za ka yi wa Hajiya wannan bayani cikin ladabi, kada ka bar wa matarka, ba za ta iya musu da surukarta ba.

A zaunar da shi sosai, a tallafe bayansa, haɓa ta ɗan sunkuya, kada kai ya faɗa baya. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Abu mai tsinkewa ya fi saurin ƙware yawancinsu, shi ya sa muke dama kunu da kauri, mu tace fura kada gaya ya rage, mu murƙushe kabewa ko dankali da ɗan mai. Kaurin da ya dace da shi kuwa, ku ciyar da shi a gaban likita ya gani da idonsa. Bayan ci ya zauna kamar minti 30, a wanke masa baki. In awo ya nuna yana raguwa, ku nemi a duba shi a sashen masu tamowa.

Sai maganar magana. Tsokokin da ke wahalar da haɗiya su ne ke riƙe harshe, don haka rashin furuci ba ya nufin rashin fahimta. Ƴata tana jin duk hirar gida. In an yi zancenta kamar ba ta nan, sai ta kau da kai ta ƙi ci. Mun fara da ee da a'a, ido sama ee ne. Daga baya yayanta ya manna hotunan kofi da tabarma da buta a kwali, tana nunawa da ido. Ku riƙa yi masa hira, ku tambaye shi ku jira, ko amsar ta daɗe. A gwada jinsa kuma, tunda ka ce ya yi shawara yana jariri, ita takan taɓa kunne. Masu gyaran magana ba su da yawa a ƙasarmu, aikin yawanci a gida yake.

Matarka tana buƙatar hutu, ka karɓi ciyarwar dare in ka sauka daga aiki. Maman yarana ta ce matarka ta kira ta ta WhatsApp ranar Juma'a, ta nuna mata yadda muke zaunar da tamu. Ka gaishe mini da Hajiya. Allah ya ba shi lafiya.

Naka amini,
daga Damagaram